DOGON HUTUN ƊALIBIN LAUYA: ME ZAI HANA YA YI SHI CIKIN 'YAN ƘWADAGO?

Gabatarwa

Na san mai karatu zai yi mamakin cin karo da batun lauyoyi da 'yan ƙwadago a cikin mujallar da aka saba cika ta da nazarin waƙa da karin magana da nahawu. Ina roƙon a yi mini uzuri, a kuma daure a bi ni har ƙarshe, domin ina fata kafin in ajiye alƙalami za a ga cewa maganar ta shafe mu, mu ɗaliban Hausa, kamar yadda ta shafi maƙwabtanmu masu fari da baƙi da ke Tsangayar Shari'a.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, ya kamata jami'o'inmu da ƙungiyoyin ƙwadago su haɗa kai su fito da wani tsari, wanda a ƙarƙashinsa ɗalibin lauya zai riƙa yin dogon hutunsa yana aiki a ofishin wata ƙungiyar ma'aikata ta garinsu, tare da ɗalibin Hausa guda a gefensa. Zan kafa misalaina da ƙasar Haɗeja, saboda ita na fi sani, kuma Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Abin Da Ya Sa Na Ɗauki Alƙalami

Sa'ad da nake makarantar sakandare, wani ɗan ƙanen mahaifina yana aiki a wani injin casar shinkafa a ɗaya daga cikin garuruwan ƙasarmu. Ran nan da la'asar bel ɗin injin ya fizgi hannunsa, ya tafi da yatsu uku. Mai injin, Allah ya sani, bai yi mugunta ba. Shi ya kai shi asibiti, shi ya biya kuɗin magani, da aka sallamo shi kuma ya aiko da buhun shinkafa da 'yan kuɗi, dattawa suka yi godiya, aka ce Allah ya kiyaye gaba. Kafin wata biyu an sa wani yaro a gurbinsa, shi kuwa ya koma zaman gida, ba ya iya riƙe fartanya, ba ya iya jan koma.

Sai bayan shekara huɗu, ina jami'a, muna hira da wani abokin ɗakina mai karatun lauya, na ba shi wannan labari. Ya tashi ya jawo littafi, ya karanta mini cewa tun 2010 akwai dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki. Dokar ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar albashin da yake biya a asusun hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa. In hatsari ya auku, ma'aikaci ya sanar da maigidansa cikin kwana 14, maigida ya sanar da hukuma cikin kwana 7, a kuma shigar da neman diyya cikin shekara guda, sai fa in akwai uzuri mai ƙarfi. Da na ji haka jikina ya yi sanyi, don kuwa ihu ne bayan hari. Ɗan'uwana bai san da dokar ba, mai injin bai san da ita ba, shugabannin ƙungiyar masu injin ba su san da ita ba. Wanda ya san ta yana kwance a ɗakin kwanan ɗalibai yana haddace ta domin jarrabawa. Tun daga ranar nake tambayar kaina, ta wace hanya za a haɗa wanda ya san doka da wanda yake bukatarta?

Yadda Wasu Suke Yi

Wannan tambaya ba mu muka fara yin ta ba. A Amurka, inda jami'o'i suke rufewa wajen wata uku a lokacin zafinsu, an daɗe da mayar da wannan hutu lokacin koyon aiki. Babbar tarayyar ƙungiyoyin ƙwadagon ƙasar tana da shirin da take ɗaukar ɗaliban lauya na mako goma, ta rarraba su ga ƙungiyoyi su taya su aiki. Akwai kuma wani asusu da aka kafa a 1997 domin tunawa da wata lauyar ƙwadago mai suna Peggy Browning, wadda ta zauna a hukumar sasanta ma'aikata da masu masana'antu ta ƙasar, shi ma yakan biya ɗalibai alawus su yi mako goma a ofisoshin ƙungiyoyi da na lauyoyin da ke kare ma'aikata. Hikimar abin ita ce, lauyan da zai tsaya wa ma'aikaci ba a aji kaɗai ake yin sa ba, sai ya zauna da mutanen, ya ji kukansu da kunnensa tun yana ɗanye.

Mu ma a nan Nijeriya ba a ce babu koyon aiki sam ba. Bayan shekara biyar a jami'a, ɗalibi yakan tafi Makarantar Horon Lauyoyi, wadda aka kafa a Legas a 1962, mai reshe a Bagauda ta Jihar Kano, a can kuma akan tura shi kotu da ofishin wani lauya na 'yan makonni. Haka nan tun daga 2003 aka sami wata haɗaɗɗiyar ƙungiya mai ƙarfafa wa jami'o'i gwiwa su buɗe ɗakunan ba da shawarar shari'a kyauta, inda ɗalibai suke taimaka wa marasa ƙarfi, musamman waɗanda ke tsare a gidan yari ba a yanke musu hukunci ba. Duk wannan abin yabo ne. Amma fa a lura, kotu da ofishin babban lauya a birni suke, kuma wanda ya riga ya san yana da haƙƙi shi yake zuwa can. Wanda bai sani ba yana bakin kogi.

Waiwaye Adon Tafiya

Kada wani ya ɗauka ƙungiyar ƙwadago baƙuwar aba ce da aka shigo mana da ita jiya. Tun kafin zuwan Turawa kowace sana'a a ƙasar Hausa tana da shugabanta. Akwai Sarkin Ruwa ga masunta, Sarkin Pawa ga mahauta, Sarkin Maƙera, Sarkin Aska da sauransu, su ne masu raba gardama tsakanin 'yan sana'a, su ne kuma bakinsu a fada. A wajen malamai kuwa, babin ijara, watau hukunce-hukuncen ɗaukar mutum aiki da biyansa lada, yana nan cikin littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Risala da Muhtasar.

Ƙungiya irin ta zamani ta sami gindin zama ne da dokar da Turawan mulki suka yi a 1938, wadda ta ba ma'aikata damar yin rajista. A 1945 ma'aikatan ƙasar nan suka yi yajin aiki na fiye da kwana 40 suna neman ƙarin kuɗin tsadar rayuwa, Michael Imoudu na ma'aikatan jirgin ƙasa yana kan gaba. A ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe masu haƙar kwal 21 a Inugu. A Arewa kuwa, Malam Aminu Kano yana cikin waɗanda suka tsayar da Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Arewa a ƙarshen shekarun 1940, kafin a kafa jam'iyyar NEPU a 1950. Ƙasar Haɗeja ma ba a bar ta a baya wajen aikin albashi ba, domin hanyar jirgin ƙasa da aka ja daga Kano zuwa Nguru, wadda aka gama a 1930, ta ratsa ta Malam Madori, ta mayar da garin matattarar gyaɗa da leburori da 'yan dako. Daga baya gwamnatin soja ta yi dokar ƙungiyoyin ƙwadago a 1973, dokar ƙwadago a 1974, dokar sasanta rikicin ma'aikata a 1976, sa'an nan a 1978 aka harhaɗa ƙungiyoyi suka koma 42 a ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, watau NLC, Hassan Sunmonu ya zama shugabanta na farko.

Mu kanmu ɗalibai mun ɗanɗana zafin rikicin ƙwadago. A 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i, watau ASUU, ta yi yajin aiki daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas cur muna zaune a gida, kuma a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa aka fafata, har ta ba da umurni a watan Satumba cewa a koma aji. Ko ba komai wannan ya isa ya nuna mana cewa dokar ƙwadago ba fannin da za a raina ba ne. Duk da haka, a tambayi ɗaliban lauya goma abin da suke son zama, da wuya a sami guda da zai ce lauyan ma'aikata. Kowa hankalinsa yana kan kamfanin mai da banki da ƙarar zaɓe.

Su Wane Ne Ma'aikatan Ƙasar Haɗeja?

In an ce ma'aikaci, abin da yake fara zuwa zuciya shi ne mai ɗaukar albashi a ƙarshen wata: malamin firamare, ma'aikacin asibiti, akawun ƙaramar hukuma. Waɗannan suna nan a ƙananan hukumomi takwas na masarautar, watau Haɗeja da Auyo da Birniwa da Guri da Kafin Hausa da Kaugama da Kiri Kasamma da Malam Madori, kuma kowane rukuni yana da reshen ƙungiyarsa. Matsalolinsu sanannu ne: ƙarin girman da ya makale, sunan da ya ɓace daga takardar albashi, fansho da garatutin wanda ya rasu ya bar marayu ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba.

Amma waɗannan su ne 'yan kaɗan. Mafi yawan masu cin guminsu a ƙasarmu ba su taɓa ganin takardar albashi ba. Arzikin Haɗeja kogi ne da fadama. Kogin ya taso daga ƙasar Kano, ya ratsa mu, ya bazu cikin dausayin da ke tsakaninmu da Nguru, ya haɗu da na Jama'are su nufi Tafkin Chadi. A kansa masunta suke, da masu banda, da 'yan dakon kasuwar kifi, da masu dashen shinkafa da masu yankanta da masu bugunta, da masu aikin injin casa, da direbobi da yaran mota, da matan da suke turara shinkafa a gida a biya su a kan buhu. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka kuma ƙara ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sauya. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya bushe, wani ya zama tafki, ambaliya kuma irin ta 2012 da 2020 da 2022 ta riƙa cinye gonaki. Manomin da ruwa ya ci gonarsa, ko masuncin da kacala ta rufe masa wurin su, ina ya nufa? Ƙwadago a gonar wani. Ashe ke nan kullum yawan masu sayar da ƙarfinsu ƙaruwa yake yi, kuma in masu neman aiki suka yi yawa, mai ba da aiki shi yake yanka farashi yadda ya ga dama.

Abin Da Doka Ta Ce, Da Inda Ta Yi Shiru

Bari in kawo kaɗan daga cikin abin da ke rubuce, don mai karatu ya auna da abin da yake gani a garinsu. Sashe na 40 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiya domin kare bukatunsa. Dokar ƙwadago ta 1974 ta ce a sashe na 7, tilas a ba ma'aikaci takarda mai bayyana sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata uku da farawa. A sashe na 11 ta tsara wa'adin sallama: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga wanda bai kai shekara biyar ba, wata guda ga wanda ya kai shekara biyar ko fiye. Ta ba wanda ya cika wata goma sha biyu yana aiki hutun aƙalla kwana shida tare da biya, ta ba marar lafiya har kwana goma sha biyu a shekara, ta ba mai ciki mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta. Gyaran tsarin mulki na 2010 kuma ya ɗaga darajar Kotun Ma'aikata, ya mayar da duk shari'ar da ta shafi aiki da albashi hannunta. To, ina tambaya, cikin masu aikin injin casa da gidajen mai da gidajen burodi da makarantun kuɗi na ƙasarmu, mutum nawa ne suke da takardar nan ta sashe na 7?

Sa'an nan ga inda dokar ta juya wa mutanenmu baya. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 125 a 1981, ya kai 18,000 a 2011, ya kai 30,000 a 2019, ya kai 70,000 a 2024. Amma dokar ta cire wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ta cire wanda ake biya a kan jinga ko kamasho, ta cire mai aikin da yake zuwa da lokaci irin na gona. In an cire waɗannan uku, wa ya rage a fadamar Haɗeja? Haka nan dokar 1973 ta ce sai mutum 50 sun sa hannu kafin a yi wa ƙungiyar ƙwadago rajista, kuma an tsara ta ne da tunanin ma'aikatan masana'anta masu maigida ɗaya, ba 'yan ƙwadagon da yau suna gonar wannan gobe suna ta wancan ba. Waɗanda suka rubuta dokokin nan Legas da Kaduna da Fatakwal suke hange. Ba kuwa za a gyara su ba sai an sami lauyoyin da suka san rayuwar da dokar ta manta da ita. Irin waɗannan lauyoyi kuma ba daga sama za su faɗo ba.

Me Ɗalibi Zai Yi Cikin Mako Takwas?

Ga yadda nake ganin tsarin. Ɗalibin da ya gama aji uku ko aji huɗu, wanda ya riga ya karanta dokar yarjejeniya da ta ƙwadago, a tura shi garinsu na mako takwas, a haɗa shi da reshen wata ƙungiya: ta malamai, ko ta ma'aikatan ƙananan hukumomi, ko ta ma'aikatan lafiya, ko ta direbobi, ko ƙungiyar masu amfani da ruwa ta aikin noman rani na Auyo, ko ta masunta, ko ta 'yan dako. A sa wani lauya mai lasisi, ko malami daga tsangaya, ya riƙa duba aikinsa kowane mako.

Aikinsa na farko saurare ne. Ya sami benci da littafi, ya zauna a ofishin ƙungiya ko a rumfarta, duk mai kuka ya zo ya faɗa, shi kuwa ya rubuta: wane ne, wane aiki, tun yaushe, nawa aka yi alkawari, nawa aka biya, wa ya shaida. Wannan littafi kaɗai dukiya ne, domin yawancin haƙƙin talaka rashin rubutu ne yake kashe shi. Na biyu, ya taya mutane rubuta takardun da suke tsoro: takardar koke, takardar neman fansho, takardar sanar da rauni kafin kwana 14 su cika. Na uku, ya duba tsarin mulkin ƙungiyar kanta, ya ga ko tana da rajista, ko ana zaɓe a kan lokaci, ko ana karanta wa 'yan ƙungiya lissafin kuɗinsu. Waɗanda ba za su iya zama ƙungiyar ƙwadago ba ya nuna musu hanyar yin rajistar ƙungiyar gama kai. Na huɗu, ya tsara 'yar gajeriyar takardar yarjejeniya, shafi guda, wadda mai gona da shugaban 'yan ƙwadago za su sa wa hannu kafin a shiga yankan shinkafa, don kada ranar biya a ce ba haka aka yi ba. Na biyar, abin da ya fi ƙarfinsa ya miƙa shi ga lauyan da ke duba shi, ko ga Hukumar Ba Da Agajin Shari'a wadda aka kafa tun 1976.

In hutu ya ƙare ya rubuta rahoto, a ba shi maki a kai. Bayan shekara biyar ana haka, tsangaya za ta tara sanin halin ma'aikatan karkara wanda babu shi a cikin kowane littafin da aka sayo daga Ingila.

Ina Rabon Ɗalibin Hausa?

A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Duk dokokin da na lissafa da Turanci aka rubuta su, Turancin ma irin na lauyoyi, wanda ko mai digiri sai ya yi da gaske. Ɗalibin lauya kuwa, ko da Bahaushe ne, da Turanci ya koyi fanninsa, in ka ce ya bayyana wa ɗan dako bambancin sallama da kora, ko na albashi da lada da jinga da kamasho, sai ka ji rabin maganarsa Turanci ce. Mu kuma an koya mana fassara, an koya mana ƙirƙirar kalmomi, an koya mana yadda ake shiga ƙauye a yi hira da dattijo a naɗo abin da ke bakinsa ba tare da an ɓata masa rai ba. Amma sau da yawa wannan ilmi a kan tatsuniya da kirari kaɗai muke gwada shi.

Me zai hana a tura mu biyu biyu? Ɗalibin lauya ya kawo abin da doka ta ce, ɗalibin Hausa ya zuba shi cikin Hausar da mai banda zai ji ya gane, da boko da ajami, a liƙa a tasha da kasuwa, a karanta a gidan rediyo. Riba biyu ke nan. Ma'aikaci ya san haƙƙinsa, harshen Hausa kuma ya sami kalmomin shari'ar ƙwadago waɗanda aka gwada a bakin masu su, ba waɗanda aka ƙaga a ɗakin taro ba. Masunta da manoma suna da nasu kalmomin na rabon amfani da aro da jingina da gayya, waɗanda in ba a tattara su ba za su bi dattawa kabari. Muna ta kukan a mayar da Hausa harshen mulki da shari'a. To, ga ƙofa a buɗe.

Amsa Ga Masu Suka

Na san za a ce ɗalibi ba lauya ba ne, doka ba ta yarda ya tsaya gaban alƙali ba, kuma ƙaramin sani ƙunƙumi ne. Gaskiya ne, shi ya sa na ce lalle a sa mai duba shi, a kuma ja masa kunne kada ya yi wa kowa alkawarin nasara. Amma cikin abubuwa biyar da na zana babu wanda yake bukatar rigar lauya. Ɗalibin likita ma ai ba ya fiɗa, amma ba a hana shi zagayen ɗakin marasa lafiya.

Za a ce ƙungiyoyin ƙwadago sun lalace, shugabanninsu sun zama 'yan amshin shatan masu mulki, wasu kuma ba abin da suka iya sai karɓar kuɗin tikiti. Ban musa cewa akwai irin waɗannan ba. Sai dai ina ganin wannan hujja ce ta a je, domin shugaban da ya san akwai yaron da zai karanta wa 'yan ƙungiya tsarin mulkinsu da Hausa zai rage yin yadda ya so. Ɗalibin kuma gara ya ga aibin da idonsa tun yanzu, ya san irin gyaran da ke jiransa.

Za a ce wannan hanya ce ta cusa wa yara tsageranci, a haɗa su faɗa da masu arzikin gari, waɗanda wataƙila iyayensu ne ko surukansu. Wannan ita ce sukar da ta fi nauyi, don kuwa a gari irin namu kowa ɗan'uwan kowa ne, kuma mun gaji kunya da kara. Amsata ita ce, takardar yarjejeniya ba makamin faɗa ba ce, maganin faɗa ce. Mai injin da na ba da labarinsa, da ya san da asusun diyya ya riƙa zuba ɗan abin da aka ce, da hukuma ce za ta ɗauki nauyin yaron, shi kuma ya huta da zargi. Mai gonar da ya rubuta jinga ya tsira daga ɗan ƙwadagon da zai karɓi kuɗi ya gudu. Addininmu ma ya yi umurni da rubuta bashi, bai kuwa ce yin haka rashin yarda ba ne.

Daga ƙarshe za a ce, wa zai biya? Ɗalibin da ke garinsu ba ya bukatar kuɗin ɗaki, abin da yake nema kuɗin mota ne da na takarda da ɗan abin sawa a baka. Manyan ƙungiyoyi suna yankar kuɗin ƙungiya daga albashin kowane ɗan ƙungiya duk wata. In reshen jiha na kowace ƙungiya ya ɗauki nauyin ɗalibi biyu a shekara, ba zai ji a jikinsa ba, kuma yana shuka lauyoyin da gobe za su tsaya masa. Reshen ƙungiyar lauyoyi ya ba da masu dubawa, jami'a ta ba da maki, masarauta ta sa albarka don ƙofofi su buɗe. Jami'ar Sule Lamido tana Kafin Hausa, cikin ƙasar Haɗeja, ga kuma 'ya'yanmu da ke karatun lauya a Kano da Zariya da Maiduguri da Sakkwato, waɗanda duk hutu sai sun dawo gida. Kayan aiki duk suna nan, mai haɗa su ne babu.

Kammalawa

Ina kira ga Ƙungiyar Hausa ta wannan jami'a da ta fara taka wannan rawa. Ta rubuta wa ƙungiyar ɗaliban lauya, a zauna, a zaɓi mutum shida, uku daga can uku daga nan, a nemi lauya ɗaya mai kishi, a nemi ƙungiya ɗaya a Haɗeja da za ta ba da benci. Ba sai an jira gwamnati ta kafa kwamiti ba, da yayyafi kogi kan cika. In abin ya yi kyau a hutun farko, wasu garuruwa za su nema da kansu.

Ɗan'uwan nan nawa yana nan da ransa, yana tsaron shagon wani a bakin kasuwa. Nasa ya riga ya wuce, bakin alƙalami ya bushe. Amma injinan suna nan suna juyawa, kullum kuma ƙara yawa suke yi, kuma kowane inji akwai ɗan wani a gabansa. Ranar da bel zai sake kama hannun wani, ina fata a ce akwai wanda zai gaya masa, da Hausa, cewa kwana 14 gare shi.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya kuma sa mu amfanar da waɗanda suka yi gumi muka yi karatu, amin.